Fim ɗin 'Yar Wanzami

Ranar da Ketaki ta ce za ta mayar da labarin auren iyayenta fim, uwarta Hansa tana zaune a barandar gidan hayarsu na unguwar Lalbag a birnin Mumbai tana tsintar shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Na kuka ko na dariya?"

"Na dariya, Ayi. Soyayya da dariya," in ji Ketaki, wadda ke kiran uwarta Ayi.

"To lalle! Na baro gidan ubana da sari ɗaya a jikina, na shekara ina kuka a bayan wancan famfon, ke kuma abin dariya kika hango."

"Ke da bakinki fa kike ba mu labarin muna faɗuwa ƙasa."

"Wannan ni ce. Mai abu da abinsa."

Daga cikin ɗaki mijinta Dagdu ya leƙo da kofin shayi a hannu. "Ni dai roƙona ɗaya, a samo dogo kyakkyawa ya fito a madadina."

"Ji tsoho!" in ji Hansa. "Sai dai a samo gajere mai kunnuwa kamar faifai."

Labarin kuwa duk unguwar an san shi. Hansa 'yar Seth Jhaberi ce, wato attajiri Jhaberi, mai sayar da zinariya da lu'ulu'u, wanda gidansa ke kan tudun Malabar yana kallon teku. Dagdu Kashid kuma wanzami ne ɗan wanzami. Wata shekara tsohon da ke yi wa Seth gyaran fuska kowace safiya ya kwanta ciwo, ya turo Dagdu ya riƙe masa. Ana cikin aski a baranda, kumfa ta rufe fuskar attajiri, sai Hansa ta sauko daga bene da littattafan kwaleji, gashinta bai gama bushewa ba. Dagdu ya ɗaga ido. Aska kuwa ba ta tsaya ba, ta tafi da rabin gashin bakin da Seth ke tattali tun yana saurayi. Barori suka watse, Hansa ta zauna a kan matakala tana dariya har da hawaye, Seth ya kori wanzami har bakin ƙofa yana dukansa da lema. Dagdu ya manta akwatin askarsa garin gudu, ita kuma ta ɗauka ta kai masa har Lalbag. Daga mayar da akwati aka koma shan rake a bakin teku, daga nan sai gaban alƙali da shaidu biyu. Seth ya ce ba shi da 'ya. Har ya mutu bai janye ba, babban ɗansa Nautam kuma ya gaji maganar tare da shagon.

Farkon zuwan Hansa gidan hayar, matan bene suka sa mata suna Gimbiya, don ba ta iya hura risho ba, ba ta san ana bin layi a famfo ba. Yau ita ce shugabar 'yan hayar gidan kaf. Mai gidan da kansa in ya hango ta sai ya canza hanya.

Ketaki ita kaɗai suka haifa. Ta daɗe tana yi wa daraktoci mataimakiya, ana aikenta ana yi mata tsawa, kafin wani furodusa mai suna Chugani ya karanta labarin da ta rubuta, ya yi dariya har ya sarƙe, ya ce zai zuba kuɗi. Aka samo sababbin fuskoki aka yi shutin, aka sa wa fim ɗin suna da Hindi, abin da ke nufin Rabin Gashin Baki. Hansa ta je wurin ɗauka sau ɗaya, ta ga jarumar tana kuka a gindin famfo da kwalliya raɗau, ta ce a goge mata fuska, wa ke zuwa ɗibar ruwa da jan baki? Daga ranar Ketaki ta roƙe ta ta yi zamanta a gida.

An kusa gama tace fim ɗin, wata rana da tsakar rana Ketaki ta shigo ta jefar da jaka ta zauna a bakin gado. Dagdu ya dawo cin abinci, yana wanke hannu.

"Chugani ya ce sai an canza ƙarshe," in ji ta.

"A canza zuwa me?" Hansa ta tambaya.

"Wai a gano wanzamin ɗan wani attajiri ne da ya ɓace a cunkoson biki tun yana jariri. Da tabo a kafaɗa. Uwarsa ta gane shi, a rungume juna, a yi aure a otal da giwaye. Ya ce 'yan kallo ba za su yarda 'yar masu kuɗi ta ƙare a ɗaki ɗaya ba."

"Kika ce masa me?"

"Na ce a'a. Ya ce to kuɗinsa ne, in na ƙi zai ba wani ya ɗauki ƙarshen."

Dagdu ya kwashe da dariya. "Ai kuwa da ya kyauta! In ɗan attajiri ne ni, a yi sauri a gano ni, gwiwoyina sun gaji da tsayuwa." Ya janye wuyan rigarsa yana leƙen kafaɗa. "Hansa, duba mini, ko akwai tabon ban sani ba."

Ketaki ta yi murmushin dole. Amma Hansa ta lura da abin da 'yar ba ta lura ba: Dagdu ya gutsuri gurasar chapati sau biyu ya ture faranti, shi da ba ya barin ko miya. Da ya zo sa takalmi a bakin ƙofa, ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake, "Ashe har yanzu sai an wanke talaka kafin a ba shi mata." Ya fice.

Hansa ta bi shi da kallo. Shekara da shekaru mutumin nan bai taɓa nuna mata cewa korar da aka yi masa ta dame shi ba, kullum a wasa yake mayar da ita. Ta ƙarasa wanke-wanke, ta yi wanka, ta ɗauko sarinta na siliki na zuwa biki.

"Ina za ki, Ayi?"

"Andheri. Tashi ki nuna mini ofishin Chugani."

"Don girman Ubangiji, Ayi, kada ki ƙara ɓata abin."

"Abin da ya riga ya ɓaci? Ɗauko mini jakata."

Suka shiga jirgin ƙasa a taragon mata, a tsaye har Andheri. Sakatariyar Chugani ta ce oga yana ganawa. Hansa ta dube ta daga sama har ƙasa, ta yi mata magana da Turancin makarantar sistoci wanda ta ajiye tun tana budurwa, sai ga yarinya ta miƙe da kanta tana buɗe ƙofa.

Chugani mutum ne mai ƙiba, da zobe a kusan kowane yatsa. Ya haɗa hannu ya gaishe ta, yana kiranta Mata-ji, wato uwa, ya sa a kawo shayi.

"Mata-ji, ai ke ce tauraruwarmu ta gaskiya! Labarinki zuma ne. Ɗan gishiri kawai muke so mu ƙara."

"A zuma?"

Ya yi dariya. "Ki fahimce ni. Na tsufa a sana'ar nan. Mai turin kura ya wuni yana gumi, ya sayi tikiti, so yake ya ga mafarki. Talaucin ai ya baro shi a gida."

"To mafarkin ke nan? A ce masa ba za a so ka ba sai in jininka na masu kuɗi ne? Wannan ba mafarki ba ne, Chugani-ji, zagi ne da kiɗa."

"Kasuwa ce, Mata-ji. Ba ni na yi duniya ba."

Hansa ta kurɓi shayi, ta ajiye kofin a nutse. "Yaya Rukmi? Har yanzu tana tsoron ƙadangare?"

Chugani ya yi turus. "Kin san matata?"

"Benci ɗaya muka zauna a makaranta. Ubanta jiragen ruwa gare shi. Ina nan lokacin da aka yi ta ƙus-ƙus cewa Rukmi ta liƙe wa wani yaro daga Ulhasnagar, mai kai faya-fayen fim daga wannan sinima zuwa waccan a kan keke. An ce wandonsa ɗaya, in ya wanke sai ya jira ya bushe." Ta karkata kai tana dubansa. "Ban ji ƙarshen labarin ba, don ni ma nawa ya taso. Kai ɗan wane sarki aka gano kai ne? Nuna mini tabon."

Ketaki ta sunkuyar da kai, tana jiran a kira masu gadi. Chugani ya riƙa juya zoben babban yatsansa. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har yana dukan tebur.

"Wando biyu ne! Ɗayan na yayana ne, amma biyu ne!" Ya share ido. "Kai, wannan mata! To na ji. Ku bar ƙarshenku. Amma ku saurara da kyau: ba zan ƙona dukiyata a talla ba. Sinima kaɗan zan ba ku, fosta kaɗan. In ya tashi, ya tashi da ƙafarsa. In ya faɗi, Ketaki, kada ki zo mini da kuka."

"Ba ma kuka a ofishin mutane," in ji Hansa. "Muna da famfo."

Yadda ya faɗa haka ya yi. Fim ɗin ya fito ranar Juma'a, rana ɗaya da wani babban fim na faɗa wanda hoton jaruminsa ya rufe rabin garin. Hansa da Ketaki suka je nunin farko a wata tsohuwar sinima da ke Parel. Dagdu ya ce shi ba zai iya zuwa ba. Mutanen da ke zauren ba su cika bas ɗaya ba. Sun yi dariya kam, wani ma har ya buga ƙafa, amma dariyar mutum kaɗan a babban zaure kamar tsakuwa ce a rijiya. Asabar ma haka. Manajan sinimar ya gaya wa Ketaki gaskiya: kowane fim ranar Litinin ake gane ransa, in Litinin ta zo a haka, sauke shi zai yi.

Ranar Lahadi Ketaki ta kwanta ta juya fuska bango. Hansa ta dafa mata abin da ta fi so, ba ta taɓa ba. A karon farko Hansa ta ji shakka ta shige ta. Ita ta je ta yi baki, ita ta ci gardama, amma 'yarta ce za ta biya. Wa zai sake ba yarinyar nan fim? Da ta bari an sa giwayen, da me zai ragu a jikinta?

Tana cikin wannan tunani maƙwabciyarta ta leƙo. "Gimbiya, lafiya mai gidanki? Na ga shago a rufe."

"A rufe? Yau Lahadi?"

Lahadi ita ce kasuwar masu aski. Ko ranar da aka haifi Ketaki sai da Dagdu ya sallami masu jira kafin ya tafi asibiti. Hansa ta ɗauka kunya ce ta hana shi zama, kada a yi ta yi masa jaje. Bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi, yana ɗingishi, rigarsa jiƙe da gumi.

"Ina ka shiga?"

"Gaishe-gaishe."

"Gaishe-gaishen me tun safe? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Ba ni ruwan zafi in gasa ƙafa."

Washegari da hantsi ya sa farar rigarsa, ya shafa mai a gashi, ya ce su shirya su raka shi, yau yana so ya ga kansa a allo. Ketaki ta ce ita ba inda za ta. Ya ce, "Tashi, 'yar wanzami. Ba a rufe shago sai an share gashi." Ta tashi don dai kada ta yi masa musu.

Tun daga kan gada Hansa ta hango layi. Ta zaci rabon wani abu ake yi. Da suka matso sai ta ga layin daga tagar tikiti ya faro, ya bi jikin bango, ya karya kwana, ya wuce mai sayar da shayi. Maza ne tsaf-tsaf, kowa gemu a gyare, gashi a kwance yana ƙyalli, ga mata da 'ya'ya da surukai, ga ƙullin abinci. Ƙamshin hoda da man gashi ya cika titi. Sai a lokacin abin ya faɗo mata: Litinin ce ranar hutun masu aski.

"Dagdu-bhau ya iso!" wani ya yi ihu, yana kiransa ɗan'uwa. Layi ya kaure da tafi da fito.

Ashe jiya shago-shago ya bi, daga Dadar har Baikala, daga masu kujerar madubi har masu shimfiɗa a gindin bishiya, ya kuma je wurin shugabannin ƙungiyarsu. Abu ɗaya ya riƙa faɗa: an yi fim, wanzami ne jarumi, kuma har aka gama bai zama ɗan kowa ba sai ɗan ubansa. Waɗanda ya gaya wa suka buga wa na Kurla da Thane waya.

Ketaki ta tsaya ta toshe baki da hannu. Manaja ya fito da gudu yana neman allon da ake ratayawa in tikiti ya ƙare, ya ce an daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai da aka kakkaɓe ƙura.

Hansa ba ta taɓa zama a zaure irin na ranar ba. Da jarumi ya fito da akwatinsa aka yi fito kamar rufi zai tashi. Da aska ta tafi da rabin gashin bakin attajiri, wani tsoho a gabansu ya miƙe tsaye yana ihu, "Ƙarasa ɗayan, ɗana, kada ka bar aiki rabi!" Aka riƙa watsa sulalla a gaban allo lokacin waƙa. Dagdu yana gefenta ya ƙanƙame hannun kujera.

"Ya fi ni tsawo," ya raɗa mata.

"Ya fi ka komai. Yi shiru."

Sai ƙarshe ya zo. Ba otal, ba giwa. Ga 'yar attajiri a layin famfo da bokiti, ruwan sama yana zuba, matan bene suna yi mata dariya. Wanzami ya fito da tawul ɗin shago ya riƙe mata a ka. Ta ce masa tawul ɗin warin kumfa yake, ya ce ai shi ta aura. Ta tsaya ta dube shi, ta fashe da dariya, ta ture matar da ta yi mata shigar layi ta tara bokitinta. Zauren ya ɓarke da tafi. Mutane suka miƙe tsaye. Wata mata da Hansa ba ta sani ba ta rungume ta tana kuka, ba ta ma san wa ta runguma ba. Da fitilu suka kama, samari suka ɗaga Dagdu sama suka fita da shi titi yana roƙonsu su yi a hankali da gwiwarsa. Ketaki na kuka tana dariya, Hansa ta riƙe ta tana cewa, "Goge fuska, ana kallonki, ke ce darakta."

Sauran aikin kujerar aski ta yi shi. Wane ne ba ya zama a gaban wanzami? Ɗan dako yana zama, lauya yana zama, mai banki yana zama, kuma mutum in aska tana wuyansa ba ya gardama. Duk wanda ya je gyaran fuska a satin nan sai da aka ba shi labarin fim ɗin tun daga farko, a tsaya daidai wurin daɗi a ce ya je ya gani. Kafin wata Juma'ar manyan sinimomin Juhu da Bandra suna neman a ba su. Daga Mumbai ya wuce Pune, ya wuce Indor da Lakhnau. Chugani ya cika gari da fosta, yana gaya wa 'yan jarida cewa shi tun ranar farko ya ce kada a taɓa ƙarshen nan. Hansa ta karanta ta ce, "Bar shi, ai ya biya kuɗin bakinsa." Furodusoshin da a da ba sa amsa gaisuwar Ketaki suka fara aiko mata da furanni, har aka rasa wurin ajiyewa, aka riƙa raba wa maƙwabta.

Wata rana da la'asar, yara suka rugo suna cewa wata doguwar mota ta maƙale a bakin lungu. Jim kaɗan aka ji mutum yana hawowa bene yana haki, yana hutawa a kowane hawa. Hansa ta fito baranda da ludayi a hannu. Tsoho ne mai sanƙo da farar riga, ya dafa bango. Sai da ya ɗago ta gane idanun. Yayanta ne, Nautam.

Suka tsaya suna kallon juna. Ƙofofin bene duk suka buɗe.

"Ni ba ni da tumbi haka a lokacin," in ji shi. "Wanda aka sa ya fito a yayan yarinyar, kamar buhun shinkafa."

"Ai yanzu ka cike gurbin."

"Jikokina suka ja ni. Zaure guda ana yi mini dariya. Matata ta fi kowa, har sai da aka ba ta ruwa." Ya leƙa ɗakin, ya ga gado ɗaya, da kabad, da tukwane jere a kan katako. Muryarsa ta sauka. "A nan, Hansa? Duk shekarun nan?"

"A nan. Kuma ban kwana da yunwa ba ko sau ɗaya."

Dagdu ya fito yana gyara riga, ya tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya saba tsayawa a gaban mutanen gidan. Nautam ya dube shi, ya daɗe, sannan ya haɗa hannu ya sunkuyar da kai.

"Suruki, na zo a makare."

"Shago bai rufe ba, Seth-ji," in ji Dagdu. "Shigo."

Hansa ta ga matan bene sun zuba ido. Ta juya ta daka musu tsawa. "Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin yayan mutum ba? Ke, aro mini kujerarku mai hannu. Ke kuma aiki yaro ya sayo alkakin jalebi mai zafi."

Ketaki ta dawo ta tarar da baƙo zaune yana cin abinci da hannu, gumi yana keto masa saboda yaji, uwarta tana ƙara masa ba tare da ta tambaye shi ba.

"Ga kawunki," in ji Hansa. "Gaishe shi."

Ketaki ta durƙusa ta taɓa ƙafarsa. Ya dafa kanta, ya ce, "Ke ce mai aikin? Zauna nan, muna da shari'a da ke a kan tumbin nan."

Kafin ya tafi ya ce su zo gida cin abinci, dangi duk suna son ganinsu. Hansa ta ce za ta duba, don mijinta mutum ne mai aiki, 'yarta kuma yanzu sai an nemi izini ake ganinta. Sai da ya roƙa sau biyu ta amsa.

Sati na zagayowa suka tafi su uku a tasi. Da suka hau tudun Malabar, Dagdu ya ce wa direba ya zagaya ta baya, ta ƙofar barori da ya sani. Hansa ta ce a'a, a tsaya a gaba. Mai gadi ya wangale ƙofa, dangi sun cika matakala suna jira, har da waɗanda ba a haifa ba lokacin da ta tafi. Ta gyara sarinta, ta saƙala hannunta a na mijinta, ta ce masa ya miƙe ƙafa ya daina ɗingishi. Suka shiga.